Kulle Bindiga da Taƙaita Hannun da Ke Harba Ta: Nazarin Na'urorin Kariya da Dacewarsu da Ƙasar Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan mas'alar tsare bindiga daga hannun da bai cancanci riƙe ta ba, inda ta dubi na'urorin kulle na ƙarfe da sabuwar fasahar bindiga mai gane hannun mai ita, sa'an nan ta auna su da halin da ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun na Jihar Zamfara suke ciki. An bi hanyar nazarin dokoki da rahotanni da ayyukan masana, aka haɗa da ƙa'idojin fiƙihu da suka shafi kiyaye rai da lamuni. Natijar da aka kai gare ta ita ce, bindiga mai gane hannu ba ta dace da wannan yanki ba ta fuskar nau'in makamai da tsada da yanayi, alhali akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da raba makami da harsashi, da ma'ajiya mai littafin shiga da fita, abubuwa ne da ƙasar take da ikon samarwa da hannun masu sana'arta.

1.0 Muƙaddima

A cikin shekarar 2021 kaɗai, kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan uku ta ɗanɗani masifar satar ɗalibai: ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe da ke ƙasar Talata Mafara, a watan Agusta aka faɗa wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata, sa'an nan ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. Da hare-hare suka ci gaba da addabar ƙauyuka da gonaki, sai gwamnatin jiha, a watan Yunin 2022, zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta yi shelar cewa jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga domin kare kansu, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19, ko da yake hukumomin tsaro na tarayya sun maida martani da cewa ikon ba da lasisi ba ya hannun gwamna. Ranar 31 ga Janairun 2024 kuwa, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara mai mutum 2,646.

Muhawarar da ta biyo bayan waɗannan matakai ta tattara ne a kan tambaya guda, watau ko ya halatta talaka ya riƙe makami ko bai halatta ba. Amma kuwa akwai tambaya ta biyu wadda ba a cika tsayawa a kanta ba, alhali rayukan yara da mata suna rataye da amsarta: bindigar da ta riga ta shiga gida, ko ta maharbi, ko ta ɗan banga, ko ta askari, a ina take kwana, wa yake iya kai hannu gare ta, kuma me zai hana ta tashi a hannun wanda ba shi aka ba amanarta ba?

1.1 Manufar Maƙala

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana nau'o'in na'urorin kulle bindiga da yadda suke aiki, da bin tarihin bindiga mai gane hannu, da tantance abin da ya dace da wannan yanki daga cikinsu. Maƙalar ba ta kira ga mallakar makami, kuma duk abin da ta tanada ta tanade shi ne ga makamin da doka ta yarda a riƙe.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ana iya kasa abin da magabata suka rubuta a kan wannan fage gida huɗu. Na farko su ne malaman tarihi. Joseph Smaldone (1977), a littafinsa kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa bindiga ba ta yi tasiri sosai a fagen fama ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, kuma da ta yawaita sarakuna suka danƙa ta ga rundunar bayinsu domin kada ta bazu cikin kowane hannu. Saheed Aderinto (2018) kuwa ya bi sawun yaɗuwarta a zamanin mulkin mallaka, bayan da Yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin Afirka, ta bar wa talakawa bindigar ɗuri ta baki. Abin da ake tsinta daga waɗannan ayyuka shi ne, tunanin iyakance hannun da ke riƙe bindiga tsoho ne a ƙasar Hausa.

Na biyu su ne masu nazarin tsaro, irin su Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a 2021 ya gabatar da bincikensa kan shekara goma na ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara, da cibiyar Conflict Armament Research, wadda rahotonta na 2020 ya bincika makaman da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna, ya samu waɗansu daga rumbunan Libiya da Kwaddebuwa suka fito, waɗansu ƙirar Turkiyya ne da aka yi fasa-ƙwaurinsu ta Legas, waɗansu daga hannun jami'an tsaron Nijeriya suka zurare, waɗansu kuma ƙirar gida ce. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya.

Na uku su ne masana lafiyar jama'a. Grossman da abokan aikinsa (2005), a Amurka, sun tarar cewa ajiye bindiga a kulle, ba harsashi a cikinta, tare da kulle harsashin a wani wuri dabam, yana tafiya da raguwar harbin kuskure da kisan kai a tsakanin yara da matasa. Bitar da cibiyar RAND take yi wa dokokin makamai ta ƙarfafa wannan ra'ayi game da dokokin da ke hukunta mai barin bindiga inda yaro zai kai gare ta.

Na huɗu su ne injiniyoyi, tun daga rahoton ɗakin binciken Sandia na 1996 kan bindiga mai gane hannu, da masu adawa da su, waɗanda hujjarsu ita ce duk abin da ya shiga tsakanin yatsa da kunama jinkiri ne a lokacin da jinkiri ke jawo halaka. Giɓin da ya rage shi ne, kashi na biyu sun maida hankali ga hanyoyin shigowar makami, kashi na uku da na huɗu kuma sun yi magana ne a kan gidan Bature da ƙaramar bindigar hannu. Wannan maƙala tana neman haɗa ɓangarorin biyu a kan gidan Bazamfare.

3.0 Hanyar Nazari

An dogara ga nassin dokokin Nijeriya da na ƙungiyar ECOWAS, da rahotannin hukuma, da bayanan masu ƙera na'urori, da littattafan hadisi da usulul fiƙihi. An auna kowace na'ura da ma'aunai huɗu: dacewarta da nau'in bindigar da ke ƙasar, tsadarta, jurewarta ga ƙura da zafi da rashin wutar lantarki, da kuma saurin da mai ita zai iya kai wa ga makaminsa. An kuma yi amfani da waɗannan isɗilahai: taƙaita hannu, watau duk wani tanadi da zai sa bindiga ba ta tashi sai ga wanda aka yarje wa, kullen ƙarfe, watau na'urar da ke aiki da mabuɗi ko lambobi ba tare da lantarki ba, bindiga mai gane hannu, watau wadda aka gina mata na'urar tantance mai riƙe da ita, da zurarewar makami, watau fitarsa daga halattaccen hannu zuwa haramtacce.

4.0 Nazari

4.1 Nau'o'in Bindiga da Hukuncinsu a Doka

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin yaƙi masu sarrafa kansu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai kuma masu ɗuri ta baki, watau bindigar toka da danginta, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ta kuma ɗora wa mai lasisi alhakin tsare makaminsa da kai rahoto idan ya ɓata ko aka sace shi. Sai dai ba ta fayyace siffar wannan tsarewa ba kamar yadda Dokar Makamai ta Afirka ta Kudu ta 2000 ta wajabta akwatin ƙarfe na musamman, ko kamar yadda 'yan sandan Ingila suke duba wurin ajiyar mai neman lasisi.

Makaman da ke hannun maharba da 'yan banga a ƙauyukan wannan yanki galibinsu dogaye ne: bindigar toka ƙirar maƙera, da mai baki ɗaya wadda ake karyawa a sa mata harsashi, da mai famfo. Wannan haƙiƙa ita ce ginshiƙin duk hukuncin da zai biyo baya, domin kuwa mafi yawan fasahar da aka ƙirƙira a Turai da Amurka an yi ta ne saboda ƙaramar bindigar hannu.

4.2 Ƙofofin Haɗari Guda Uku

Ƙofa ta farko ita ce kuskure. Gidan Bahaushe gida ne na gandu, inda 'ya'yan wa da na ƙane da jikoki suke shiga ɗaki su fita ba shamaki, kuma wurin ajiyar bindiga da aka saba shi ne bayan ƙyauren turaka, ko ƙarƙashin gado, ko a rataye a jikin bango kusa da buzun salla, da 'yar gorar albarushi a gefenta. Bindigar toka tana da wata illa ta musamman, ita ce idan aka ɗura mata albarushi aka danna da sanda aka zuba mata ƙarafa, fitar da su ba tare da harbi ba aiki ne mai wuya, saboda haka sau da yawa a ɗure take kwana, kuma babu alamar da za ta nuna wa yaro ko baƙo cewa a ɗure take.

Ƙofa ta biyu ita ce fushi da ƙuncin rai. Rigimar iyakar gona, ko ta gado, ko ta cikin gida, wadda a da kan ƙare da zagi ko sanda, tana iya ƙarewa da gawa idan makami yana kusa, kuma mutanen da suka ga kisan danginsu ko suka sayar da gona domin biyan kuɗin fansa suna cikin halin da 'yan mintocin neman mabuɗi kan iya zama tsakaninsu da aikin da-na-sani.

Ƙofa ta uku ita ce zurarewa, ta hanyar sata, ko aro, ko ƙwace, ko sayarwa a ɓoye. Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan: kwaɗo ba ya hana ɓarayin daji shigowa daga dajin Sububu, kuma ba ya taɓa makaman da ke hannunsu. Aikinsa shi ne hana makamin da aka tanada domin kariya ya juyo kan mutanen gida ko ya ƙara wa abokan gaba ƙarfi.

4.3 Na'urorin Kullen Ƙarfe

Kwaɗon kunama ƙarfe ne mai ɓari biyu da ke haɗuwa ta cikin zoben da ke kewaye da kunama, ya rufe ta ruf. Masu ƙera shi da kansu suna gargaɗin kada a sa shi a bindigar da ke ɗure, domin sandar da ke ratsa zoben tana iya taɓa kunamar wajen sawa ko cirewa. Wannan sharaɗi ya fitar da bindigar toka daga lissafi, ga shi kuma zoben kunamar ƙirar maƙera ba shi da awo ɗaya.

Kwaɗon waya igiyar ƙarfe ce da aka lulluɓe da roba, ana zura ta ta ƙofar da harsashi ke shiga ta fito ta inda kwanso ke fita, ko ta cikin bututun bindigar da ake karyawa, sa'an nan a kulle bakinta biyu. Fa'idarsa ita ce ba ya shiga sai an zazzage harsashi, kuma muddin yana ciki bindiga ba ta rufuwa balle ta tashi. Shirin Project ChildSafe, wanda aka fara a Amurka a 1999, ya raba miliyoyinsa kyauta, kuma tun 2005 dokar tarayyar Amurka ta wajabta wa dillalai haɗa wa mai sayen bindigar hannu na'urar kulle. Ya dace da mai famfo da mai baki ɗaya, amma bai dace da bindigar toka ba, tunda gindin bututunta a toshe yake. Rauninsa kuwa shi ne babban almakashin ƙarfe yana yanke shi, kuma ɓarawo yana iya ɗaukar bindigar da kwaɗonta ya tafi.

Akwatin ƙarfe da aka kafe a jikin bango ko aka dasa ƙafafunsa cikin siminti shi ne kaɗai ya karɓi kowace irin bindiga, kuma shi ne kaɗai ya tare ƙofofin nan uku gaba ɗaya. Masu walda da ke ƙera ƙyamaren ƙarfe da tagogi a garin Talata Mafara suna da gwanintar da ake buƙata, kwaɗo kuwa ana samunsa a kasuwar Talata da sauran kasuwannin mako. A ɗakin ƙasa, inda bango ba ya riƙe ƙusa mai nauyi, dasa ƙafafu a daɓe ya fi aminci. Albarushi da harsashi kuma a ba su nasu ƙaramin akwati a wani ɗaki, nesa da murhu da danshin damina.

4.4 Bindiga Mai Gane Hannu

Tunanin bindigar da ba ta tashi sai a hannun mai ita ya samo asali ne daga damuwar 'yan sandan Amurka da ake ƙwace wa makami a harbe su da shi. A shekarun 1970 aka fito da wata dabara ta zoben maganaɗisu da mai harbi ke sawa a yatsa. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Colt ya nuna samfurin da ke aiki da siginar rediyo daga abin ɗaurawa a wuyan hannu, a shekarar 2000 kuma kamfanin Smith & Wesson ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Shugaba Clinton wadda ta haɗa da bunƙasa wannan fasaha, sai masu saye suka ƙaurace masa har ya kusa durƙushewa. A 2002 jihar New Jersey ta yi dokar da ta ce da zarar irin wannan bindiga ta shiga kasuwa, bayan wani wa'adi ba za a sayar da wata bindigar hannu a jihar ba sai ita, dokar da ta sa masu adawa suka tsaya kai da fata kada ta shiga kasuwar, har aka sassauta ta a 2019.

Kamfanin Armatix na Jamus ya ƙera samfurin iP1, wanda ba ya tashi sai agogon hannu da aka haɗa shi da shi yana kusa da shi da kimanin taƙi ɗaya, a kan dala 1,399 ban da agogon mai dala 399. A 2014 dillalan da suka yi niyyar sayar da shi a Kalifoniya da Maryland suka janye saboda matsin lamba da barazana, a 2017 kuma wani mai binciken na'urori ya nuna cewa maganaɗisu na kimanin dala 15 yana warware kullensa. A 2023 kamfanin Biofire na jihar Kolorado ya bayyana tasa bindigar mai karanta zanen yatsa da fuska, a kan dala 1,499.

Idan aka ɗora wannan fasaha a kan ma'aunan nan huɗu, za a ga ta gaza a uku. Ta fuskar nau'i, samfuran nan duka ƙananan bindigogin hannu ne, kuma ba a iya dasa na'urarsu a jikin ƙirar maƙeri. Ta fuskar tsada, kuɗin guda ɗaya ya isa a ƙera akwatunan ƙarfe masu yawa. Ta fuskar yanayi, tana buƙatar batir da caji a ƙauyukan da wutar lantarki ba ta isa ba, kuma ƙurar hunturu da gumin bazara abokan gabar gilashin karanta yatsa ne. Manomin rani da ya yini yana ban ruwa a gonakin madatsar Bakolori, yatsunsa sun yi kanta saboda fartanya, fatarsu ta tsattsage saboda laka da sanyin ruwa, shi ne mutumin da na'ura ta fi wahalar ganewa. 'Yan Nijeriya sun ga misalin haka a zaɓen 2015, lokacin da na'urar tantance masu zaɓe ta yi ta gaza karanta jama'a, har da Shugaba Goodluck Jonathan a mazaɓarsa ta Otuoke. Gazawar da a rumfar zaɓe take jawo jinkiri, a daren hari tana iya jawo asarar rai. A ma'auni na huɗu ne kaɗai, watau sauri, take da fifiko idan ta yi aiki yadda aka tsara. Ban da wannan kuma, makamin 'yan sintiri sau da yawa na karɓa-karɓa ne tsakanin masu gadin farkon dare da na ƙarshensa, lamarin da ya saɓa wa asalin tunanin mutum ɗaya da bindigarsa.

4.5 Mas'alar Harin Dare

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan kulle bindiga ita ce, mutumin ƙauyen da ke jin ƙugin babura da tsakar dare ba shi da lokacin laluben mabuɗi cikin duhu. Hujja ce ta gaskiya, kuma duk shawarar da ta yi watsi da ita jama'a za su yi watsi da ita. Mafitar da wannan maƙala ta gabatar ita ce ƙa'idar hali biyu: bindiga ko dai tana hannun mai ita, yana farke yana lura da ita, ko kuwa tana kulle. Hali na uku, watau a jingine ta ba mai tsaro ba kwaɗo, shi ne abin da ake neman kawarwa. Mai gadin dare bindigarsa tana hannunsa, saboda haka ƙa'idar ba ta rage masa komai ba. Lokutan da haɗarin gida ya fi yawa su ne na rana, sa'ad da maigida ya tafi kasuwa ko masallacin Juma'a ko jana'iza, ko yana barcin rama gadi, yara kuma suna kai da kawowa. Mabuɗi kuwa ya kasance a jikin mai shi, a ɗaure da igiya a wuya ko a ƙugu, kada a rataye shi a ƙusa ko a tura shi ƙarƙashin matashi, inda idon yaro ya riga ya sani.

4.6 Ma'ajiyar Hukuma da Littafin Shiga da Fita

Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya bayyana cewa makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a iya ba da bayanin inda suke ba, daga cikinsu akwai bindigogin AK-47 guda 88,078. Wannan adadi ya isa hujja cewa taƙaita hannu wajibi ne a kan hukuma kafin talaka. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta ɗora wa ƙasashe alhakin sa wa makamai lamba da ajiye rajista da kyautata tsaron rumbuna, kuma Nijeriya ta kafa Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa a 2021, ta ƙarfafa ta da doka a 2024. Ga runduna irin ta askarawa, nizamin da ya dace shi ne ɗaki mai ƙyauren ƙarfe da kwaɗo biyu, mabuɗansu a hannun mutum biyu dabam, da littafin da ake rubuta lambar makami da sunan mai karɓa da adadin harsashin da ya fita da wanda ya dawo. Fifikon takarda da alƙalami a nan a bayyane yake ga duk wanda ya tuna cewa a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara na tsawon makonni, wanda da rajistar ta dogara ga intanet da ta tsaya cik a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

4.7 Mahangar Shari'a

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, mazhabar Malikiyya kuma ta shahara da ƙa'idar saddu zari'a, watau toshe hanyar da ke kai wa ga ɓarna ko da ita kanta hanyar halal ce a asali. A cikin Sunna akwai asali bayyananne ga wannan babi. Buhari da Muslim sun ruwaito umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau cewa ya riƙe tsininsu kada ya raunata wani, da kuma hani ga nuna ɗan'uwa da makami. Abu Dawuda da Tirmizi kuwa sun ruwaito hani ga miƙa takobi a zare. Illar da ta haɗa waɗannan hukunce-hukunce ita ce tsoron cutar da ba a yi nufi ba, kuma ƙiyasin kwaɗon bindiga a kan kuben takobi ƙiyasi ne na kusa.

Ta fuskar lamuni kuwa, Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure, fuƙaha'u kuma sun rarrabe tsakanin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sababinta ta hanyar sakaci, kamar mai haƙa rijiya a kan hanyar jama'a. Ko mai barin bindiga a ɗure inda yaro zai ɗauka ya shiga wannan babi, mas'ala ce da ta cancanci ijtihadin malamai da alƙalai, musamman a jihar da ta fara aiki da dokokin laifuka na Shari'a tun shekarar 2000.

5.0 Shawarwari

Na ɗaya, hukumomin da ke ba da lasisi su mai da mallakar akwatin ƙarfe mai kwaɗo sharaɗi, kuma a fayyace siffarsa a rubuce. Na biyu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ta zana samfurin akwati mai rahusa wanda ya dace da ɗakin ƙasa, ta gwada ƙarfinsa, ta koyar da masu walda da maƙera ƙirarsa. Na uku, masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun, ta hannun hakimai da dagatai da sarakunan maharba da na maƙera, su ɗauki nauyin yaɗa ƙa'idar hali biyu, tunda su suka san wanda yake riƙe da makami a kowace unguwa. Na huɗu, limamai su shigar da babin amanar makami cikin huɗuba da karatun zaure. Na biyar, asibitocin yankin su riƙa rarrabe raunin harbin kuskure daga na hari a cikin littattafansu, domin a samu abin da za a auna tasirin waɗannan matakai da shi. Na shida, kada a kashe dukiyar jama'a wajen sayen bindiga mai gane hannu kafin a gyara rumbuna da rajista.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsare bindiga daga hannun da bai cancanta ba buƙata ce ta gaggawa a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma daga cikin hanyoyin da aka auna, akwatin ƙarfe da raba makami da harsashi da ma'ajiya mai rajista su ne suka cika sharuɗɗan nau'i da tsada da yanayi, ƙa'idar hali biyu kuma ta amsa sharaɗin sauri. Kawo ƙarshen ta'addanci aiki ne na hukuma da jami'anta, yana kuma buƙatar adalci da lokaci; amma hana yaro harbe ƙanensa da bindigar ubansa yana cikin ikon kowane maigida tun daga yau, kuma za a tambaye shi a kansa. Allah shi ne mafi sani, kuma shi ne mai datarwa.